Mayafin Hajiya a kan dafaya

Kafin in zo Riyad ban san garin yana sanyi haka ba. Ni direba ne a gidan wata likita 'yar ƙasarmu a unguwar Shifa, ita ce ta yi mini iƙama, wato takardar izinin zama. Mahaifiyarta, Hajiya, tana ɗakin sama. Gwiwoyi sun ƙi, ba ta sauka sai da dalili.

Da sanyin bara Likita ta sayo mata dafaya, na'urar ɗumama ɗaki, irin wadda ake haɗawa da intanet. Daga asibiti take kunna ta da waya. Abin da ba ta sani ba, in dafaya tana kashe, a kanta Hajiya take shanya. Ta ɗauraye mayafi, ta rataya, ta kwanta abinta.

Wata rana bayan la'asar ina zaune a gindin bene ina bitar karatu. Wani ɗalibi ɗan Nijar ne ke koya mana boko, mu manya, ranar Juma'a. Sai saƙon Likita ya shigo. Da Hausa take rubuto mini, don in riƙa gwadawa. Na ɗora yatsa ina bi. "Na kun-na." Kalma ta gaba ta tsaya mini, na koma farko kamar yadda aka koya mana. Ina haɗa "da-fa-ya" hancina ya ji ƙaurin roba.

Na hau da gudu. Mayafin ya narke ya manne, hayaƙi ya kai rabin ɗaki, Hajiya tana barci. Na zare filogi, na buɗe taga.

Ta farka tana tari. "Malam, me ka ƙona mini?"

"Likita ce ta kunna, Hajiya."

"Yarinyar ta dawo ne?"

"Tana asibiti."

"Ka ji! Tana can tana duba marasa lafiya, tana gasa uwarta a nan."

Da Likita ta dawo ta yi kuka. Na ce a raba abin da intanet, kowa ya kunna da hannu yana gani.

"Baba, ba za ta kunna ba," in ji Likita. "Sai ta zauna cikin sanyi ta ce ba komai."

Hajiya kuma ta ce ita ba za ta fita baranda shanya da waɗannan ƙafafun ba.

Babu wadda ta sauka daga maganarta, sai abin ya dawo kaina. Yanzu kafin Likita ta danna, kira take yi. In hau, in yi sallama, in duba, in kwashe abin da ke kai, in ce ta kunna. Nawa gwiwoyin ma sun fara magana.

In zan fita da mota, filogin nake zarewa in tafi, don kada a kunna ba na nan. Ina dawowa in tarar da Hajiya cikin bargo, hannuwa sun yi sanyi, faɗanta yana jirana. Ina tsayawa in saurara har ta gama, sannan in mayar da filogin.