Ni da Soson Ƙarfe da Bindigogin Mama

Shekarun baya can, ban daɗe da sauka Greensboro ta Amurka ba, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Kwana biyar a mako nakan ja tsohuwar motata zuwa Pleasant Garden, gidan wata Baturiya mai shekara tamanin da huɗu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta ita kaɗai a ƙaton gida. Mama nake ce mata. Da farko ta ce ba ita ta haife ni ba, in kira sunanta kawai. Na ce bakina ba zai iya ba. Kafin wata biyu, in na shigo ban gaishe ta da wuri ba, ita ke cewa, "Yau babu Mama ne?"

Ƙafafunta ne suka gaza, amma kanta ras yake. Ɗanta ɗaya, yana zaune a wata jiha mai nisa. Wata rana ya bugo waya ina wurin, ya ce kuɗin da mahaifinsa ya bari ya kusa ƙarewa. In ba a samo wani ba kafin ƙarshen shekara, ba za a iya ci gaba da biyan mai zuwa gida ba, sai dai a sayar da gidan a kai ta gidan tsofaffi. Ni dai na san kamfaninmu zai tura ni wani gida, aikina ba zai tsaya ba. Ita ce abin ji. Ta ajiye wayar ta ce, "Na fi shekara hamsin a gidan nan. Ba na so in ƙarasa a ɗakin da sai an manna sunana a ƙofa kafin a san ni ce a ciki."

Daga nan ta nuna mini kabad ɗin gilashi da ke ɗakin mijinta. Tsofaffin bindigogi goma sha huɗu ne a jere, waɗanda ya yi rayuwarsa yana tarawa. Wasu dogaye har sun kusa kai ni tsayi, irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki kamar na maharban garinmu. Ta ce za ta sayar. Ɗanta ya kira wani kamfanin gwanjo, aka ce mutuminsu zai zo ranar Juma'a ya duba.

To jama'a, ga inda ta faru. Mahaifiyata dillaliya ce a Zariya. Tun ina ƙarama aikina ne in zauna da toka da lemun tsami in dirje tsofaffin tasoshi da farantai kafin ta ɗauka ta shiga gidaje da su. Ba ta taɓa fita da kaya da datti ba, ko da mai kayan na sauri. Saboda haka da na buɗe kabad ɗin nan ranar Laraba na ga ƙarfe ya yi baƙi ƙirin, tagullar jiki ta yi kore, katako ya dushe, sai na ji kunya ta kama ni a madadin Mama. Haba, baƙo zai zo ganin kaya a haka?

Na ce, "Mama, bari in ɗan goge su."

Ta ce, "Goge mana, kin kyauta." Ita ƙura take nufi.

Na biya wani shago a High Point Road na sayo soson ƙarfe da man goge tagulla. Da na gaya wa mijina, sai ya ce, "Kin tambayi masu abin kuwa?" Na ce, "In tambaye su me? Wanke-wanke za su koya mini?" Ya ce to aƙalla in yi hankali kada akwai albarushi a ciki. Wannan kaɗai na ɗauka a maganarsa.

Da wacce kuke zaton na fara? Da wadda ta fi kowacce tsawo da kyau mana. Kwana biyu na yi ina dirza a bayan gida, na gama uku. Wallahi sun yi kyau! Tagullar nan tana ƙyalli har kana ganin fuskarka. Abin da ya dame ni kawai shi ne lokaci bai ishe ni in gama sauran goma sha ɗayan ba.

Ranar Juma'a mutumin ya zo, dattijo mai sanyin magana. Ya sa farar safar hannu, ya riƙa ɗaukar baƙaƙen nan ɗaya bayan ɗaya kamar jarirai, yana haska su da ɗan tocila yana gyaɗa kai. Da ya iso kan nawa guda ukun, sai ya tsaya cak. Ya juya doguwar, ya sake juyawa, ya nemi kujera ya zauna.

Ya ce, "Wa ya taɓa waɗannan?"

Na gyara tsayuwa na ce, "Ni ce. Sauran ma da na samu lokaci da na gama su."

Ya ce, "Mun gode wa Allah da ba ki samu ba."

Ya yi mini bayani a hankali, bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi zafi. Wannan baƙin da na kankare, shi masu saye ke biya. Shi ke nuna cewa abu ya tsufa a yadda maƙerinsa ya bar shi, ba wanda ya taɓa. Doguwar nan a yankin nan aka ƙera ta tun kafin a haifi kakan Mama, kuma ita ce uwar kayan gaba ɗaya. Yanzu in ta samu rabin kuɗinta an yi sa'a.

Ba kuɗi nake gani ba, watanni nake gani: watannin zaman Mama a gidanta na zauna na kankare da hannuna, har ina waƙa. Mama ta dube ni, ta dubi bindigar, ta ce, "Shekara nawa ina cewa mijina ya wanke ƙazaman abubuwan nan ya ƙi." Ta yi dariya ita kaɗai. Ni ko murmushi na kasa.

Mutumin ya fito da takardar yarjejeniya ya fara karantawa. La'adarsu kashi ashirin cikin ɗari na duk abin da aka sayar. Kowace bindiga akwai kuɗin hoton da za a sa a littafin gwanjo. Akwai kuɗin inshora, akwai na ɗaukar kaya. Sannan in ka ƙayyade farashin da ba za ka sayar ƙasa da shi ba, aka kasa kaiwa, sai ka biya wani abu kafin a maido maka da kayanka. Mama ta ɗauki biro za ta sa hannu.

Ni da na gama tafka abin kunya, kamata ya yi in ja bakina in yi shiru. Amma tsofaffin bindigogi ne ban sani ba. La'ada kam a cikinta na girma. Na dafa hannunta na ce, "Mama, dakata."

Na juya wurinsa na ce, "Mai saye fa, shi ba ya biyan ku komai?"

Ya ce yana biya, ana ɗora masa nasa kason a kan farashin da aka buga gudumar gwanjo a kai.

Na ce, "Tabɗi! Ku karɓa a wurinsa, ku karɓa a wurinta, hoton tallar kayanku ma ita za ta biya? In kun kasa sayarwa kuma ta biya ku ladan kasawa?"

Ya ce haka tsarin yake a ko'ina. Na ce to mun gode, za mu yi shawara. Na fara mayar da bindigogin cikin kabad ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, yadda na sha ganin mahaifiyata tana ɗaure ƙunshinta in an yi mata tayin raini. Mama sai harara ta take tana taɓa ni da sandarta, don su Turawa ba a ciniki a falo, abin kunya ne. Mutumin ya ajiye katinsa ya tafi.

Da yamma ɗanta ya kira, ransa a ɓace. Ya ce na lalata uku, na kuma kori mai sayar da sauran. Na ce na farkon gaskiya ne, na ɗauki laifina, ba ni da bakin kare kaina. Na biyun kuwa ya ba ni mako ɗaya. Na ga yadda mutumin nan ya riƙe wata ƙaramar bindiga mai tsatsa ya ƙi ajiyewa, kuma duk wanda ya riƙe kaya haka zai dawo.

Na faɗi haka da ƙarfin gwiwa, amma ranar Asabar da Lahadi ko abinci ban iya ci sosai ba. Ranar Litinin na buɗe littafin lambobin waya na kira wasu kamfanonin gwanjo biyu da Turancina mai karkata. Ɗaya ya ce zai iya zuwa. Ranar Talata sai ga wayar dattijon nan, wai yana tambayar ko mun gama shawara. Na ce muna kan yi, akwai ma wani da zai zo gani. Sai ya ce zai rage la'adar zuwa kashi goma sha biyar. Na ce goma. Muka ja, muka ja, muka tsaya a sha biyu, babu kuɗin hoto, babu biyan komai a kan abin da bai sayu ba. Inshora ya ƙi sauka, na bar masa, don ba a ƙure mutum har bango. Mama tana gefe ta toshe baki da hannu. Da na ajiye wayar ta ce, "Ashe ana iya yin haka?"

Ranar gwanjon na tura ta a kekenta na guragu muka je. Mai kiran farashi yana zuba magana kamar ruwan sama a kan kwano, ban tsinci komai ba sai faɗuwar guduma. Da aka ɗaga doguwar tana ƙyalli a ƙarƙashin fitila, wani a bayanmu ya ce, "Kash, an wanke ta." Na sunkuyar da kai. Ta tafi a arha, haka 'yan'uwanta biyu. Ƙaramar mai tsatsar nan kuwa, wadda da na samu lokaci da na fara da ita ranar Juma'a da safe, mutum uku suka yi ta kokawa a kanta har Mama ta riƙe hannuna.

Ba zan yi muku ƙarya ba, abin da na ceto a la'ada bai rufe abin da na ɓata ba. Ya dai rage. Ɗanta ya lissafa ya ce kuɗin zai riƙe ta a gida kamar shekara biyu. Duk tsawon lokacin nan fargaba ɗaya ke raina: kada kuɗin ya ƙare tana da rai, a zo a fitar da ita saboda watannin da na kankare. Ita ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya.

Yau in na tuna, abin da nake gani shi ne tarbiyya ɗaya ce ta yi ɓarnar, ita ce kuma ta yi gyaran. Ban daina yarda da abin da na sani ba, kuma har gobe ba a miƙo mini takarda in sa hannu ban tambayi wa ke cin me ba. Abin da na ƙara kawai shi ne, kafin in gyara kayan wani, sai na tambaya ko ya lalace ne tukuna.

Mama ta rasu wata Alhamis da hantsi, a kan gadonta, bayan na ba ta shayi na buɗe mata labule. Da aka gama jana'iza ɗanta ya ja ni gefe ya ce kuɗin ya isa, har da sauran na wata biyu. Na zauna a motata na yi kuka sosai, kuma har yau ban iya raba wanne ne na rashinta, wanne ne na godiya ba.