Ka yi kira, Hajriz, kuma sun ji ka

A wajen zaman makoki na gane. Zumreta, matar maƙwabcinmu Iljaz, tana zuba wa mutane kofi bakinta ya suɓuce: "Wallahi yaya, muryar nan tasa har yau tana kunnena." Sai ta toshe baki. Ashe sun ji ka.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mijina Hajriz ya rasu ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, a ƙarƙashin tsaunin Karanfili, ranar da ake saukowa da tumaki daga makiyayar bazara zuwa garinmu Gusinje. Ya koma neman ragon Iljaz da ya ɓace, ƙafarsa ta zame, ya faɗa kwazazzabo.

Hajriz, kai ka koya wa 'ya'yanmu dokar dutse: wanda ya ji kira daga ƙetaren kwari ya amsa, ya ajiye abin hannunsa ya tafi. Ko kana tsakiyar cin abinci kakan tashi. Shekarar da Iljaz ya karye a ƙafa, kai ka goyo shi har bukka, kana haki kana tsokanarsa: "Kai ɗan'uwa, duk cukun da ka ci bana a gadon bayana yake!" Yana kuka yana dariya.

Na je na tambayi Iljaz. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Dusar ƙanƙara ta fara sauka, Nafija. Da mun juya, da garken ya halaka. Mun ɗauka zai fito." Da yammacin ranar da abin ya faru suka ce mini ka tsaya kwana a bukka. Na yarda, har na ajiye maka miya.

Ba ni da ilimi mai zurfi, amma na san tunkiya ba ta kai mutum ba. An ce in yafe. Ina roƙon Allah Ya ba ni iko, don yanzu ba ni da shi.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya musanya maka wannan sanyi da ni'imar Aljanna. Ya ba mahaifiyarka Hatidža da 'ya'yanmu haƙuri.

Masu ceto sun hango jar rigarka daga sama, amma ƙanƙara ta rufe hanya sai bazara. Likkafaninka yana cikin akwati. Har yanzu ba mu yi maka sutura ba.