Tiyar Geron Yaya Mamman

Shekara talatin ke nan da rasuwar yayana, Mushe Mamman kamar yadda ɗalibai ke kiransa, malamin shimi, wato kimiyyar sinadarai, a lakwal ɗin Tasawa. A gidansa na tashi, a kalas ɗinsa na yi karatu, kuma har yau akwai abin da ban yafe wa kaina ba.

Yana da tiya guda ta gero da yake shiga kalas da ita ranar darasin mol. Sai ya ce, "Wa ya taɓa ƙirga gero a kasuwa? Awo ake yi. To, mol tiyar masu shimi ce. Yawan atom ɗin cikinta, rubuta shida, ka jera mata lambobi ashirin da uku a baya. In mol biyu na ƙarfe gare ka, ninka wannan sau biyu, shi ke nan."

A farin da aka yi zamanin soja, rumbunan ƙauyenmu wajen Hawandawaki suka ƙare ƙaf, har iri aka cinye. Geron tiyar nan daga gonar Baba ya fito, irin kakanninmu mai saurin nuna, kuma shi kaɗai ya rage. Yaya ya auna ƙwaya ɗari a sikelin lakwal, ya auna tiyar, ya fitar da yawan ramukan da Baba zai shuka, ya rubuta a takarda. Ya ƙulle geron a tsumma yana jiran ruwan farko.

Lokacin Inna tana kwance wurinmu ba lafiya. Yaya ya tafi Maradi neman hatsi, ya daɗe. Kwana biyu ba mu ɗora tukunya ba. Wallahi na san abin da ke cikin tsumman, ban manta ba. Na kwance, na daka, na dama mata kunu.

Da ya dawo ya ga tsumman a shanye bisa igiya, sai ya tambaye ni.

"Inna ta sha?"

"Ta sha, Yaya."

"To, madalla."

Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Inna ba ta kai damina ba. Baba ya shuka irin agaji, ruwa ya ɗauke bai nuna ba, namu kuwa ya ɓace ke nan.

Yanzu jikata a waya take latsa lissafin mol, ba ta taɓa riƙe tiya ba. Ina jin da Yaya ya gani, tambayarta zai yi ko ta san me ta ƙirga. Damina ta gajarce, manoma na cigiyar iri mai saurin nuna.

Ɗalibansa na tuna shi da tiyar, wasu ma sun ce yashi ne a ciki tun fil'azal. Ba su san ranar da ya fara zuba yashin a madadin gero ba. Takardar ramukan tana akwatina. Lissafin daidai yake, na sha duba shi. Rami ko ɗaya ba a shuka ba.