Ranar da Aka Kawo Wuta a Kurmin Mashi

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Unguwar Shanu, akwai wani filash da nake ratayawa a jikin makullin babur ɗina. A cikinsa na zuba wani ɗan ƙaramin Linux, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, irin wanda ba sai an girka shi a kwamfuta ba. Ka soka, ka kunna, ya tashi da kansa, ya buɗe maka duk abin da ke cikin na'urar ko da manhajarta ta mutu murus. Da shi na ceto wa mutane hotunan biki da takardun makaranta ba adadi. Har ta kai ina cika baki a majalisa cewa ba a ƙera kwamfutar da za ta gagare ni ba tukuna. 'Yan majalisar tamu masu kawaici ne, ba wanda ya ce mini in rage.

Ina da wani aboki tun muna sakandare. Su mutanen kudancin Kaduna ne, Kiristoci, gidansu na Kurmin Mashi. Na ci faten acca a gidan nan har ban san iyaka ba. Duk Kirsimeti mahaifiyarsa sai ta aika an kira mahauci Musulmi ya yanka kajin, don kawai in zauna in ci ba tare da na yi tambaya ba. Mama nake kiranta, ita kuma ta ce da ni "ɗana na Unguwar Shanu".

Da ciwo ya kwantar da ita, abokina ya riƙa zama kusa da ita yana ɗaukar muryarta a waya. Waƙoƙi ne na yarensu, na niƙa da na coci, waɗanda ta koya a wurin kakarta, kuma cikin 'ya'yanta babu wanda ya iya su. Yana ɗauka yana juyewa a tsohuwar kwamfutar da ke falonsu. Bayan rasuwarta aka sace wayar a tasha. Ya ce ba komai, ai akwai su a kwamfuta. Sai da aka fara shirin addu'ar cika shekara, mahaifinsa ya ce yana so a sa muryarta jama'a su ji, suka kunna kwamfutar ta ƙi tashi.

Abokina ya same ni a shago ya faɗa mini. Na kaɗa masa makulli na ce, "Mutumina, kwantar da hankalinka. Kawo ta, kafin ka gama shan lemo ka ji Mama na waƙa."

Ya ce, "Baba ya ce ba za ta fita daga gidan ba. Sai dai kai ka zo."

Na je. Baba tsohon ma'aikacin ofis ne, ya daɗe da yin ritaya, mutum mai tsari wanda ko takalminsa yana da wurin zama. Na tarar ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya lulluɓe kwamfutar da wani zanen Mama. Da na durƙusa na gaishe shi, ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, tana ciki. Ka yi a hankali."

Abin da ya fara kunyata ni, kwamfutar ba ta san filash ba sam. An ƙera ta tun kafin a fara tayar da kwamfuta da shi. Na koma shago na juye Linux ɗin a faifan sidi, na dawo, sai ga shi ma'ajin sidin nata ya ƙi buɗe baki. Na ciro wani daga gawarwakin kwamfutocin da ke jibge a shagona na ɗaura mata. Ta fara karanta faifan, ta watso wasu rubuce-rubuce, ta tsaya cik. Ƙwaƙwalwarta ta tsufa da wannan samfurin, sai na nemo wanda ya girme shi. Da na samo, ta tashi, ta yi kamar za ta buɗe, ta mutu, ta sake kunna kanta. Na buɗe cikinta na ga 'yan ƙananan tulunan nan da ke kan babban allon cikinta duk sun kumbura, wasu har sun yi amai. Wannan kam ta gama aiki.

Amma abin da ya tayar mini da hankali shi ne wani ɗan sauti da na ji daga faifan ajiya, inda waƙoƙin suke: ƙas, ƙas, sannan shiru. Duk mai gyara ya san sautin nan. Faifan yana bakin mutuwa ne, kuma duk kunnawar da aka yi masa ana rage masa kwana. Ni kuwa ga shi na kunna na kashe, na kunna na kashe. Na ja abokina waje na gaya masa gaskiya. Ya ce kada in faɗa wa Baba tukuna.

Tunda faifan ba zai bar gidan ba, sai kwamfutoci suka riƙa zuwa wurinsa. Irin tsohon faifan nan ne mai faffaɗar waya, sababbin na'urori ba su da ramin da zai shiga. Na bi abokan sana'a har Hayin Banki ina aron tsofaffi, ina loda su a keke napep. Maƙwabta suka ɗauka kasuwar 'yan gwangwan Baba ya buɗe. Kowace sai na fara gwada ta ba tare da na sa mata faifan ba, don kada in ƙara masa wahala, kuma kowace da irin ciwonta. Wata ta tashi allon ya yi baƙi ƙirin, sai na rubuta mata umarnin da zai hana Linux taɓa na'urar hotonta kafin ta nuna fuska, ta nuna ɗin kuma ta sandare. Wata ba ta ganin kibod. Wata ram ɗinta, wato ƙwaƙwalwar aikinta, bai kai ya ɗauki ko wannan ɗan ƙaramin ba. Baba yana zaune a kujerarsa yana kallo, bai taɓa ce mini "yaya dai" ba. Da ya tambaya da ya fi mini sauƙi.

A ƙarshe wata ƙazamar kwamfuta da aka yasar daga wani wurin buga takardu ita ta yarda. Ta tashi daga sidi sumul. Wata Asabar da hantsi muka shirya. Babu wuta a unguwar, abokina ya cika janareta da mai ya tayar. Na ɗaura faifan, na yi bisimilla, na kunna. Ya yi ƙas sau ɗaya, sai ya kama juyawa. Na danna, ya buɗe. Ga jakar da abokina ya sa wa suna Mama, cike.

Na soka filash don in kwashe, kwamfutar ta yi kamar ba ta san an soka mata komai ba. Na canza rami, haka. Na karɓi na abokina, haka. Tsofaffin nan wani lokaci ba sa karɓa sai tsohon filash ɗan uwansu, kuma ina da irinsa a aljihun teburin shago. Na miƙa wa abokina makulli na ce ya hau babur ya ɗauko, kada ya tsaya gaisawa da kowa.

Yana fita faifan ya soma ƙas, ƙas. Na san ba zai jira ba. Wuri ɗaya ya rage mini, wato ram, inda shi kansa Linux ɗin yake zaune. Ram kuwa ba ma'aji ba ne. Yana riƙe abu ne muddin akwai wuta, kamar ruwa a tafin hannu, da zarar ta ɗauke ko na ƙiftawar ido ne komai ya zube. Na tura waƙoƙin can, ina kallo suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, zufa na ɗiga a kan kibod. Na ƙarshe yana shiga, faifan ya yi wata ƙara kamar an ja kujera a kan siminti, ya tsaya.

Na juya na ce, "Baba, an samu. Duk sun fito. Amma yanzu wuta ce kaɗai ke riƙe da su. Kada ta ɗauke ko kaɗan sai an kawo filash."

Ya miƙe tsaye. Ya ce, "To ka sa in ji."

Sifikar ba ta yi magana ba. Na lalubo inda Linux ya rufe sauti na buɗe, har yanzu shiru. Na zaro iyafis ɗina na soka don in gane ko sifikar ce ko na'urar, na danna waƙa ta farko. Sai ga Mama a kunnena. Ta yi tari, ta ce da Hausa, "Ka kunna? To kada ka yi mini dariya." Ta yi 'yar dariyar da kanta, ta ɗauki waƙa. Na ɗaga hannu ina cewa Baba ya matso ya karɓa.

Shi kuma ya riga ya nufi ƙofa, wai zai duba ko man janareta zai kai. A bakin ƙofar nan akwatin juya layi yake, irin mai mariƙi da ke kowane gida, a samansa kuma ɗan jan ƙwan da ke nuna an kawo wuta. Shekara da shekaru a gidan nan, da zarar ƙwan ya kama, Mama za ta ɗaga murya daga kicin ta ce, "Baban yara, an kawo," shi kuma ya juya mariƙin ya je ya kashe inji, don kada mai ya ƙone a banza. Aikinsa ne shi kaɗai, ko 'ya'yansa ba ya bari su taɓa.

Ƙwan ya kama. Yaran layi suka ɗauki ihu. Na ga hannunsa ya tashi, na buɗe baki, na ji ƙarar mariƙin.

Fanka ko tsayawa ba ta yi ba. Amma allon ya yi baƙi, Mama ta yanke a tsakiyar kalma, kwamfutar ta yi ɗan kukanta na farkon tashi kamar ba abin da ya faru. Baba yana tsaye, hannunsa a kan mariƙin, yana kallona. Bai tambaye ni komai ba, don ya ji bayanina sarai ɗazu.

Abokina ya shigo yana haki, filash a hannu. Ya dube ni, ya dubi mahaifinsa, ya zauna a ƙasa.

Na sake kunna faifan. Na jingina shi a gefe, na kifa shi, na naɗe shi a leda na sa a firji kamar yadda wasu ke yi. Daga baya Baba ya yarda aka kai shi wurin waɗanda suka fi ni kayan aiki, suka buɗe suka ce allurar da ke karanta shi ta kankare fuskar faifan, babu abin ɗauka. Na ce wa Baba faifan dama ya riga ya mutu, ƙaddara ce, ba laifin kowa. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, kada ka rarrashe ni. Hannuna ne. Na ji kamar ta kira ni."

Can ya ce, "Amma kai ka ji ta."

Na ce na ji.

"Me ta ce?"

Na faɗa masa. Ya rufe ido ya ce in sake. Na sake. Ya ce, "Waƙar fa?" Na ce Baba ba na jin yaren. Ya ce ba kalmomin yake nema ba, in yi masa yadda ta tafi. Ni da ko a Islamiyya malam cire ni yake yi daga masu rera ƙasida, na zauna a falon nan ina gunjin wata waƙar da na ji rabin baitinta. Ya saurara, ya gyara mini wuri ɗaya, ya ce ta niƙa ce, ita take yi in tana cikin nishaɗi. Ya ɗora daga inda na tsaya, ya yi kaɗan, kalmomin suka ɓace masa. Abokina ya tashi ya fita tsakar gida.

An yi addu'ar cika shekara ba muryarta. Na je, na zauna a baya.

Tun ranar Baba bai ƙara taɓa mariƙin nan ba. Abokina ya ce sau da yawa ya dawo daga aiki ya tarar da jan ƙwan a kunne, janareta na ta kuka a waje yana shan mai, tsohon na zaune a kujerarsa ya juya wa ƙofa baya.

Na daina rataya filash a makulli, na kuma daina cika baki a majalisa. A sana'a dai na koyi abin da ya kamata: ba na ɗaura faifan kowa sai na tabbatar da inda zan zuba abin da ke ciki, kuma ba na zuwa aiki ba tare da batirin da zai riƙe wuta ba. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da na kasa ajiyewa shi ne, cikin mijinta da 'ya'yanta da jikokinta, ni baƙo, ni aka ba ji na ƙarshe, ni da na sa iyafis don gwaji kawai. Har yau in na ji yara suna ihun an kawo wuta sai gabana ya faɗi.

Baba ya yi 'yan shekaru bayan haka. Duk zuwan da na yi gaishe shi, bayan ya tambayi iyali da aiki, sai ya matso da kujera ya ce, "Ɗana, me ta ce?" Ni kuma in gyara murya in ce, "Ta ce, ka kunna? To kada ka yi mini dariya." Wani lokaci ya yi murmushi, wani lokaci ya goge ido da bakin riga. Zuwana na ƙarshe a asibiti ne, ya daina gane yawancin mutane, amma ya gane ni, ya kuma tambaya, na faɗa masa a kunne.

Yanzu ba mai tambayata. Ni kuma kalmomin suna nan ban manta ba, amma na fara mance yadda muryar take.