Farashin Gidajen Marsa

Maigidana tela ne a unguwar Misfala ta Makka, Bakano, wanda ya tako ta Sudan har ya tsallako Bahar Maliya a ɗan jirgin katako. Inda ya fara taka ƙasar Hijaz wani ƙaramin garin masunta ne kudu da Jidda, mu dai Marsa muke ce masa. Ni kuwa a Makka aka binne cibiyata, uwata ma a nan take kwance. Ban taɓa ganin teku ba, kuma ban yi kewarta ba.

Mutumin kirki ne, Allah ya sani, amma yana da ciwo guda. Duk sa'ad da wani tsoho mai tallan busasshen kifi ya hauro daga Marsa, sai ya ture keken ɗinki, ya sa in dafa shayi, ya hau tambaya. Nawa aka sayar da gidan da ke bayan masallaci? Na kusa da inda jirage ke tsayawa fa, mai rijiyar ruwan sama? Wai so yake ya sayi gida can mu koma, don daga Marsa tsallake ɗaya ne sai Sudan, daga Sudan kuma ai hanyar gida ta miƙe. Gidan wa? Ni ga gidana nan, ina jin kiran sallar Harami daga bakin murhu.

Abin da ya cece ni shekara da shekaru shi ne tsada. Tsohon zai ce wane ya sayar, kuɗin ya ɗara na bara, sai Malam ya kama haɓa yana salati, ni kuwa a bayan labule ina hamdala. Ranar da na ji farashi ya tashi, har ƙarin sukari tsohon yake samu a shayinsa.

Ana nan, sai motoci suka yawaita, alhazai suka koma sauka a Jidda, ƙananan jirage suka daina zuwa Marsa. Tsohon ya zo wata hantsi ya ce gidaje sun faɗi warwas. Mai rijiyar nan ma an sayar da shi a kuɗin da bai kai na raƙumi biyu ba, kuma na kusa da shi yana neman mai saye ido rufe. Na san abin da Malam ya tara ya isa, har da saura.

Da baƙon ya tafi na fito na faɗa masa gaskiya.

"Malam, in ka ce mu tafi zan bi ka, amma da kuka zan tafi."

Bayan Juma'a ya bi tsohon a motar kaya don ya gano gidan. Kwanakin da ba ya nan, ina shara ina kallon bangon tsakar gidanmu kamar wadda ake shirin raba ta da ɗanta.

Ya dawo ya yi baƙi, rigarsa tana ƙarnin kifi. Na ba shi ruwa, na kasa tambaya. Shi ya fara kawo aibu: gishiri ya cinye bangon, ƙofar ta ruɓe, sauro kamar ƙasa. Na ce a raina, yau kuma Marsa ce ake kushewa a gidan nan? Sai da ya sha shayi ya ce kullum da la'asar yakan je bakin ruwa ya tsaya yana duban yamma.

"Daga can ma ba a hango Kano," in ji shi. "Kuma da lokacin salla ya yi, sai na ji kunnena yana neman ladanin Harami."

Tausayinsa ya kama ni, farin ciki kuma ya hana ni zama. Kuɗin nan ɗaki muka ƙara da shi a kan soro, inda yake shan iska har ya tsufa.

Tambayar farashi kam bai daina ba. Da tsohon ya sake zuwa ya ce gidajen sun ɗan fara tashi, Malam ya girgiza kai ya ce ai shi ke nan, sun fi ƙarfin talaka. Sannan ya leƙo bayan labule da kansa ya ce in ƙara wa baƙo sukari.