Malam Abdulmumin da Hoton Iyakar Gonata

Kullum da hantsi Malam Abdulmumin yake isowa Ajingi daga Gaya a kan tsohon babur ɗinsa. Ya jingine shi a gindin darbejiya, ya goge farantin sola, sannan ya kunna kwamfutar ƙungiyar manoma. Shi ke kula da shafin da ake kai ƙara gaban kwamitin sulhu: a rubuta abin da ya faru, a ɗora hoton shaida, a tura. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ban ji ana shirya masa komai ba. Shi ya sa na ce 'yata Murja ta ɗauko biro. Ni ce Hansai ta Toranke. Ban yi boko ba, ban kuma saba yabon mutum ba.

Bara Inuwa, ƙanin marigayi mijina, ya sa shanun huɗa suka tumɓuke gambar da ke iyakar gonata, ya shigo ya shuka gyaɗa. Murja ta ɗau hoton saiwoyin kafin ruwa ya binne su. Wakilin ƙungiya na garinmu ya shigar da ƙarar a wayarsa, shafi ya ce an karɓa. Ranar zama, kwamiti ya ce babu hoto, don haka babu shaida. Inuwa ya bi ta gabana yana cewa, "Matar yaya, hoton ma ya ƙi bin ki."

Na hau mota sai Ajingi, wurin Malam Abdulmumin.

"Kai ne ka cinye mini hoto?"

"Iya, zauna ki sha ruwa."

"Ba ruwa ya kawo ni ba."

Ya karɓi hoton, ya ɗora, hoto ya tafi. Ya gwada da wayar Murja, nan ma hoto ya tafi. Ya ce, "Lafiyar hoton ƙalau." Na ce to ni ce ba ni da lafiya ke nan. Da wani ne, da nan zai sallame ni. Shi sai ya shiga duba ƙararrakin da suka iso babu hoto, ya ga duk na tsofaffi ne.

"Iya, ran nan daga ina kika fara wa wakili bayani?"

"Daga inda ake farawa. Daga kakan mijina da ya sare dajin."

Ya buɗe sabon shafi, ya ce in maimaita yadda na yi, kada in rage komai. Na gaishe shi, na tambayi iyali, na kamo daga kakan, na bi rabon gado, na faɗi wanda ya dasa gambar. Aka kira azahar, muka yi salla, muka dawo na ƙarasa. Ya ɗora hoto, ya tura. Shafi ya ce an karɓa. Ya leƙa ciki, babu hoto.

"Alhamdu lillahi," in ji shi, "ya lalace!"

Ban taɓa ganin wanda ya yi hamdala don abu ya lalace ba.

Ashe shafin yana da wa'adi. In aka bar shi a buɗe ya daɗe, sai ya karɓi magana ya yar da hoto, kuma ba zai faɗa ba. Samari a numfashi ɗaya suke gama ƙararsu. Mu kuwa ba a koya mana fara magana daga tsakiya ba.

Wakilinmu ya ce abu mai sauƙi, a gaya wa tsofaffi su riƙa taƙaitawa. Malam, kai ne ka ce masa shafin aka yi domin mutane, shi za a gyara. Kai ne ka ƙara wa shafin wa'adi, ka sa in hoto bai isa ba ya yi ja, kowa ya gani. Ba ni kaɗai ce shaida ba. Bara'atu ta Gafasa tana nan da ranta, a tambaye ta wa ya zo har ƙofar gidanta a babur ya ce ta sake kawo ƙarar rijiyarta da aka kora.

Kwamiti ya sake zama, ya ga saiwoyi. Inuwa da hannunsa ya mayar da gamba, ina tsaye a kansa. Gyaɗar bara dai ya cinye, ban kuma yafe ba. Wannan ƙarar tana tafe, daga kakan zan fara.

Malam Abdulmumin, mai haƙurin sauraro, na zo maka da zagi, ka ba ni kujera. Na gode. Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya tsare ka a hanyar Gaya.

Wanda zai gaji kujerar nan kuma, da duk masu zama bayan tebur, ku ji da kyau. In tsohuwa ta ce abinku ya lalace, kada ku gwada shi da hannunku ku ce lafiya lau. Ku zaunar da ita, ku bar ta ta kai ƙarshe.