Sista Babba, Wadda Ta Gaya Mini Sunan Ciwona

Na Allah ne mu, kuma wurinSa muka nufa. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ina tsugune a shago ina kwance kusoshin bayan wata fanka, babbar 'yarki ta kira ni a waya ta ce Allah Ya karɓi ranki bayan jinyar mako biyu. Na ajiye aikin, na rufe shago, na tafi. A ƙofar gidanki na tarar da fuskokin da na saba gani a kan dogon bencin nan na sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, inda kika yi shekara talatin kina aikin jinya. Muka gaisa, babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa inda ya san ki.

Shekara goma sha tara ke nan da yayata ta riƙo hannuna ta kai ni wurinki, mahaifiyarmu na biye da mu. Kafin nan na yi mako uku ina ganin duk duniya babu mai basira irin tawa. Barcin awa biyu ya ishe ni, magana kuwa babu birki. Na kwance rediyo da talabijin na mutum goma sha ɗaya a lokaci guda, na baje su a ƙasa, wai zan haɗa na'urar da ba a taɓa gani ba. Sai abin ya kife. Na yi wata huɗu a kwance, fuskata tana kallon bango. Wanka ya gagare ni, abinci ya daina ɗanɗano. Mahaifiyarmu ta ce sammu ne, kawuna ya ce lalaci ne, maƙwabta suka ce shaye-shaye.

Ina tuna ɗakinki: tebur ɗaya, kujeru uku, ma'aunin nauyi a lungu, da kalandar da ta wuce shekara biyu ba a sauya ba. Kika dube ni ta saman tabarau kika ce, "Ɗana, ka taɓa tunanin kashe kanka?" Babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na ce na taɓa. Ba ki yi salati ba, ba ki yi mini wa'azi ba. Kika ce, "Na gode da ka faɗa mini." Kika gaya wa yayata abin da za ta kawar daga ɗakina, kika ce kada a bar ni ni kaɗai, kuma ba ki tashi aiki ba sai da likita ya gan ni a ranar.

Ke kika tsaya kina tono labarin makonnin nan uku, alhali kowa ya ɗauka lokacin ne nake lafiya. Kika bayyana mana cewa hawan da saukar duk ciwo ɗaya ne. Akwai wanda damuwa kaɗai ke danne shi, akwai kuma irina, wanda ke cilla sama sannan ya faɗo, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Idan aka ba irina maganin damuwa shi kaɗai, yana iya sake cilla shi sama. Da kika ga na yi tsuru, sai kika ce, "Kai mai gyara, in wuta tana hawa tana sauka a gida, me kake sa wa talabijin?" Na ce sitabilaiza. Kika ce, "To, shi likita zai nema maka." Ranar na yi murmushin farko a cikin wata huɗu. Mahaifiyarmu kuwa kika dafa kafaɗarta kika ce, "Inna, ki riƙe addu'a da ƙarfi, mu kuma mu riƙe magani. Ba mai hana wani aikinsa."

Ban kasance mai jin magana ba, kin sani. Bayan shekara biyu na daina shan maganin a ɓoye, saboda yana sa hannuna rawa, ni kuwa da tsinin ƙarfen narka dalma nake cin abinci. Na tsallake ranar asibiti sau biyu. Wata Asabar da la'asar sai ga ki a shagona da dutsen guga a leda, wai ya daina zafi. Kika zauna a kan kujerar kwastoma kika bar ni ina ta zuba, ina ba ki labarin rassa bakwai da zan buɗe. Da na tsagaita kika ce, "Awa nawa ka yi barci jiya?" Na miƙa miki hannuwana na ce, "Sista, da wannan rawar ba zan iya sana'a ba." Kika harare ni kika ce, "Shi ne ba za ka buɗe baki ka faɗa ba? Mu bokaye ne da za mu sani?" Ran Litinin aka auna jinina, likita ya gyara adadin maganin, rawar ta ragu har na daina lura da ita. Dutsen gugar kuwa, da na buɗe shi, lafiyarsa ƙalau. Ke kika zare fis ɗin da hannunki kafin ki fito gida.

Da na tashi aure na zo miki da tsoro, na ce in na faɗa wa yarinyar gaskiya za ta gudu. Kika ce in ta gudu yanzu ya fi ta gudu da goyo. Na faɗa mata, ta ce tana son ganinki. Kuka yi awa guda a ɗakin nan, ni ina waje a kan benci ina zufa. Kika koya mata alamomin: raguwar barci, yawan magana, sabon shiri kowace safiya, ko kuma shiru da ƙin fita. Yau 'ya'yanmu uku. Har gobe in ta ga na fara wuce gona da iri sai ta ce, "Malam, kwana biyu bakinka ya fi na rediyon shagonka," mu yi dariya, in duba barcina, in ta kama mu je asibiti. Sau biyu ciwon ya sake leƙo ni, duka biyun mun tare shi tun a ƙofa.

Ba zan ce ba ki da faɗa ba. Wanda ya makara ya sha baki, rubutunki kuwa sai mai ba da magani kaɗai ke iya karanta shi. Amma bayan kin yi ritaya, tsakar gidanki ya zama wurin zamanmu duk ƙarshen wata: malamin makaranta, mai ɗinki, tsohon direban bas, da matanmu da mazajenmu. A nan na ga cewa mutum yana iya ɗaukar wannan ciwo ya yi sana'a, ya yi iyali, ya tsufa da mutuncinsa.

Na je duba ki kwana huɗu kafin rasuwarki. Muryarki ta yi ƙasa sosai, sai da na sunkuya. Na zaci wasiyya za ki yi mini. Ashe cewa kike, "Ka yi gwajin jinin watan nan?" Na ce na yi. Kika gyaɗa kai, kika lumshe ido.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa duk zuciyar da kika sanyaya ta zama hujja gare ki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da ƙannenki, da jikokinki, da abokan aikinki, Allah Ya ba su haƙuri. Ku kuma 'ya'yanta huɗu, yayarku ta gaya mini cewa kuna yara kun sha yin fushi da mu, don takan dawo gida a gajiye, da sunayenmu a bakinta. Ku yafe mana. Abin da aka rage muku, mu aka ba, kuma muna nan da ranmu, muna yi mata addu'a tare da ku.